Janar ɗin da ya gina gidan siyasa amma bai kwana a ciki ba

Matsalar

Ranar 1 ga Oktoba 1979 sojoji suka miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari. Cikin hafsoshin da suka tuɓe kaki a ranar akwai mutum na biyu a gwamnatin, manjo janar ɗan shekara 36 daga Katsina, Shehu Musa 'Yar'aduwa. A wannan nazari za a riƙa kiransa Janar kawai. Ya bar ofis da ƙuruciyarsa da lafiyarsa, ya san kowane babban ma'aikaci a Legas, amma ba shi da jam'iyya, ba shi da mazaɓa, kuma ba a taɓa jefa masa ƙuri'a ko ɗaya ba. Duk ikon da ya riƙe a baya daga bariki ya fito. Tambayar da ta bi shi shekara 18 ita ce yadda mutumin da ya saba ba da umarni a bi zai tara jama'ar da ba dole ne su bi shi ba, har su kai shi shugabancin ƙasa ta hanyar zaɓe, a ƙasar da tsofaffin abokan aikinsa ne ke riƙe da bindiga kuma su ke rubuta dokar zaɓen.

1943 zuwa 1975: gida da bariki

An haife shi a watan Maris 1943. Mahaifinsa Matawallen Katsina ne, kuma ministan harkokin Legas a Jamhuriya ta Farko, don haka siyasar NPC a zauren gidansu ya tarar da ita. Ya shiga soja a 1962, ya yi kwalejin horar da sojoji ta Kaduna, ya wuce Sandhurst a Ingila, ya dawo ƙaramin hafsa a 1964.

A yaƙin basasa yana Runduna ta Biyu ƙarƙashin Murtala Muhammed. Rundunar ta yi ta yunƙurin ƙetare kogin Neja daga Asaba don kama Onitsha a ƙarshen 1967, ta yi asarar mutane da kayan faɗa mai yawa. Sai da aka zagaya ta Idah aka biyo ta tudu sannan garin ya faɗi a Maris 1968, kuma yana cikin kwamandojin da suka yi wannan aiki. Abin da ya fita da shi daga yaƙin, ban da suna, shi ne sanayya: hafsoshi sa'anninsa daga kowane sashe na ƙasa, waɗanda daga baya suka zama gwamnoni da kwamishinoni.

Ranar 29 ga Yuli 1975 aka kifar da Janar Yakubu Gowon yana taron ƙungiyar haɗin kan Afirka a Kampala. Janar, a lokacin yana laftanar kanar, yana cikin waɗanda suka shirya juyin. Ba su ɗauki mulkin da kansu ba, suka miƙa wa Murtala da Obasanjo da Danjuma.

1975 zuwa 1979: shekara huɗu a gwamnati

Aikin farko da aka ba shi shi ne Kwamishinan Sufuri na Tarayya, kuma ya tarar da cunkoson da ba a taɓa ganin irinsa ba a tashar jiragen ruwa ta Legas. Gwamnatin da ta gabata ta yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, miliyan 16 daga ciki na Ma'aikatar Tsaro ne, adadin da ya ninka ƙarfin tashar sau da yawa. Fiye da jirage 400 suka yi layi a teku. Kwangilolin sun tanadi cewa duk ranar da jirgi ya yi yana jira sai an biya shi kuɗin jinkiri, har wasu masu tsofaffin jirage suka gane cewa zaman jiran ya fi jigilar riba. Siminti kuwa ba ya jira, ya riƙa daskarewa a cikin jiragen.

Matakan da aka ɗauka ba su da wani asiri. An hana kowane jirgi tasowa zuwa Najeriya sai da izini tun kafin ya bar tasharsa. An dakatar da biyan kuɗin jinkiri, aka kira 'yan kwangila a sake zama kan yarjejeniya, wasu suka yarda, wasu suka garzaya kotunan Ingila da Amurka aka shafe shekaru ana shari'a. An riƙa sauke kaya a tsakiyar ruwa zuwa ƙananan kwale-kwalen dakon kaya maimakon jiran gurbi a gaɓa. Sannan aka ba da aikin sabuwar tasha a tsibirin Tin Can, wadda aka buɗe a Oktoba 1977. A nan ne ya san harkar tashar ruwa ciki da waje, sanin da zai yi masa amfani bayan ritaya.

Ranar 13 ga Fabrairu 1976 aka kashe Murtala a yunƙurin Dimka. Obasanjo ya hau, Danjuma ya ci gaba da riƙe rundunar ƙasa, kuma dukansu Kiristoci ne. Ana buƙatar Musulmi ɗan Arewa a kujera ta biyu don kwantar da hankalin jama'a, sai aka ɗaga shi daga laftanar kanar zuwa birgediya, ya tsallake muƙami guda, ya zama Babban Hafsa a Hedikwatar Ƙoli yana ɗan shekara 32. Gwamnonin soja na jihohi 19 ta ofishinsa suke bi.

A cikin ayyukan wannan ofis, wanda ya fi taɓa rayuwarsa ta gaba shi ne gyaran ƙananan hukumomi na 1976. An rushe tsarin En'e, aka kafa ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya a duk ƙasa, aka tanadar musu kaso daga asusun gwamnati, sarakuna suka koma masu ba da shawara. Mutumin da ya zauna a kan wannan aiki ya san taswirar ƙasar ta wata fuska dabam: wace gunduma ke gaba da wace, wane hakimi ke da faɗa a ji, wane gari ne ya nemi hedikwata bai samu ba. Ya kuma jagoranci shirin noma na ciyar da ƙasa da aka ƙaddamar a 1976, wanda ya fi yin amo a rediyo fiye da a rumbu. Sauran lokacin ya tafi ne a shirin miƙa mulki: kwamitin tsara kundin mulki ƙarƙashin Rotimi Williams, majalisar da ta duba shi, rajistar jam'iyyu biyar, da zaɓen 1979.

1979 zuwa 1987: kasuwanci

Bai shiga NPN ko wata jam'iyya a Jamhuriya ta Biyu ba. Ya zauna a Kaduna ya kama kasuwanci, a fannoni da dama lokaci guda: gona, masana'antar darduma, maɗaba'a, banki, jiragen ruwa, da dakon kayan kamfanonin mai.

Akwai dalilin da ya sa ƙofofi suka buɗe masa. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1977 ta wajabta cewa a harkoki irin su banki kashi 60 cikin ɗari na hannun jari ya zama na 'yan Najeriya. Duk baƙon da ke son shigowa sai ya nemi abokin tarayya na gida, kuma babu wanda ya fi dacewa irin wanda ya san inda ake sa hannu a takarda. Ta haka aka kafa Habib Nigeria Bank a farkon shekarun 1980 da haɗin gwiwar bankin Habib na Pakistan, shi ne shugaban hukumar daraktoci. Bankin ya daɗe, sai a 2005 ya haɗe da Platinum aka sami Bank PHB.

Kamfanin jiragen ruwa na Africa Ocean Lines, wanda ya shiga tare da M.K.O. Abiola da Bamanga Tukur da Raymond Dokpesi, bai yi tsawon rai ba. Harkar jirgi da kuɗin waje ake yin ta, daga sayen jirgi har kayan gyara, kuma shekarun ba su taimaka ba: farashin mai ya faɗi, shigo da kaya ya ragu, sannan a Satumba 1986 aka saki naira ta faɗi warwas a ƙarƙashin shirin tsuke bakin aljihu. Wanda ya yi albarka sosai shi ne NICOTES, kamfanin da Atiku Abubakar, jami'in kwastan a lokacin, ya fara da wani ɗan kasuwa Ba'italiye, Gabriele Volpi, suka jawo Janar ciki. Aikinsa karɓar bututu da injuna da sauran kayan kamfanonin haƙar mai a tasha, adana su, da kai su inda ake aiki. Masu biyan kuɗin kamfanonin mai ne, waɗanda ba sa fashin aiki ko tattalin arziki na ciwo.

Sai jarida. Maɗaba'arsa ta Kaduna ta riƙa buga The Reporter, wadda amfaninta a siyasa ya fi ribarta a kasuwa.

Abu biyu ya kamata a riƙe daga wannan zango. Ya sami kuɗin da ba daga albashi ko kujerar gwamnati mai ci suke fitowa ba. Amma kowane ɗaya daga manyan harkokin, banki da tasha da jarida, da lasisin gwamnati yake numfashi.

1987 zuwa 1991: ginin gida daga bayan labule

Shirin miƙa mulki na Janar Ibrahim Babangida ya zo da doka mai lamba 25 ta 1987, wadda ta haramta wa tsofaffin 'yan siyasa da waɗanda suka riƙe manyan muƙamai shiga takara ko jam'iyya. Dokar ta hau kansa. Ba zai iya tsayawa ba, ba zai iya hawa mumbari ba, ba zai iya riƙe katin jam'iyya ba.

Abin da ya yi shi ne tara waɗanda dokar ba ta shafa ba, waɗanda gwamnati ke kira sabbin jini: malaman jami'a, lauyoyi, tsofaffin ma'aikata, matasan 'yan kasuwa. Da aka ɗage takunkumin siyasa a Mayu 1989 suka fito da ƙungiyar People's Front, wato PF. A cikinta akwai Babagana Kingibe daga Borno, Atiku daga Gongola, Farfesa Ango Abdullahi daga Zariya, Magaji Abdullahi da Rabi'u Musa Kwankwaso daga Kano, Yahaya Kwande daga Filato, Tony Anenih daga Bendel, Chuba Okadigbo daga Anambra, Dapo Sarumi da Bola Tinubu daga Legas, ga kuma Lamidi Adedibu a Ibadan. Wannan jeri shi kansa sabon abu ne. Kafin nan, ɗan siyasar Arewa da ke neman Kudu yakan jira ne a yi ƙawance tsakanin shugabanni a sama. Shi kuwa ya shiga ƙasar Yarbawa kai tsaye ya nemi mutanen da gidan Awolowo ya bari a waje, ya ba su wuri.

Hukumar zaɓe ƙarƙashin Farfesa Humphrey Nwosu ta sa sharuɗɗa masu tsada: ofis da shugabanni a kowace jiha da ƙaramar hukuma, da rajistar mambobi haɗe da hotunansu. Ƙungiyoyi 13 suka kai takardu, hukumar ta tura shida gaba, PF ta zo ta uku. Ranar 7 ga Oktoba 1989 Babangida ya watsar da su duka, ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu da kansa, SDP mai doki da NRC mai mikiya. Gwamnati ce ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi, ta ba su kuɗi.

A ido, kuɗin PF sun bi ruwa. A ƙasa kuwa, rajistar da aka wahala wajen haɗawa ta zama jari, domin an riga an san wane ne mutumin ƙungiya a kowace gunduma. Suka shiga SDP a dunƙule, suka tarar da 'yan PSP, wato magadan UPN da PRP da NPP na Jamhuriya ta Biyu, waɗanda suka fi su yawa da tarihi amma kansu a rabe. Hanyar da PF ta bi ita ce kama jam'iyyar daga ƙasa: a ci shugabancin mazaɓa, shi zai ba da wakilan ƙaramar hukuma, su kuma su ba da na jiha, har zuwa babban taro. Aiki ne mai cin kuɗi a ƙananan abubuwa, kuɗin mota da abinci da masaukin wakilai, da mutumin da zai kwana da su kada a sauya musu ra'ayi da dare. A babban taron Abuja na Yuli 1990, Kingibe ya zama shugaban SDP na ƙasa.

Zaɓen gwamnoni na 14 ga Disamba 1991 ya nuna inda wannan hanya take da rauni. Kama shugabancin jam'iyya abu ne dabam, riƙe waɗanda aka kayar kuma wani abu ne. A Legas rikici tsakanin Sarumi na ɓangaren Janar da Femi Agbalajobi na ɓangaren Lateef Jakande ya kai aka hana su biyun takara, aka tsayar da Yomi Edu, magoya bayan Jakande suka juya ƙuri'a, Michael Otedola na NRC ya ci jihar da SDP ke da rinjayen majalisarta. A Adamawa Atiku da Bala Takaya suka yi irin wannan, aka kore su duka, NRC ta ɗauka. A Kano tsohuwar gabar Santsi da Taɓo, ɓangarori biyu na PRP, ta farfaɗo a cikin SDP, Kabiru Gaya na NRC ya kayar da Magaji Abdullahi. A Katsina, gidansa, ƙaninsa Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sha kaye a hannun Sa'idu Barda. An tashi NRC na da jihohi 16, SDP 14.

A farkon watan nan na Disamba an kama shi tare da wasu manya irin su Abubakar Rimi da Jakande da Solomon Lar bisa zargin karya dokar haramci. Kafin shekara ta ƙare aka sake su, aka kuma ɗage haramcin.

1992: zaɓen fid da gwani

Yanzu ya fito da fuskarsa. A zaɓen majalisar tarayya na Yuli 1992 SDP ta sami kujeru 52 cikin 91 na dattawa da rinjaye a majalisar wakilai, abin da ya nuna cewa duk wanda ya sami tikitin doki yana dab da fadar shugaban ƙasa.

Zaɓen fid da gwanin na kai tsaye ne, ƙato bayan ƙato, 'yan jam'iyya su yi layi a ƙirga su. An kasa jihohi 30 rukuni-rukuni ana yi mako bayan mako. Zagayen farko na Agusta an soke shi saboda ƙorafi, aka sake a Satumba. Tsarin ya fi dacewa da wanda ke da mutane a kowace mazaɓa da kuɗin da zai kwashe tawagarsa daga jihohin wannan mako zuwa na mako mai zuwa. A zaɓen layi, wanda ya fito da mutane da sassafe, ya tsare layinsa har a gama ƙirga, ya kuma sa wakili ya raka takardar sakamako zuwa wurin tattarawa, shi ke ci. Janar ya shiga gaban Olu Falae da Jakande da Olusola Saraki da sauransu, har ya sami ƙuri'u masu yawa a jihohin Yarbawa, inda 'yan takara biyu daga ciki suke gida.

Abokan hamayyarsa suka haɗa kai suka ce an yi amfani da kuɗi, kuma shugabannin jam'iyya sun karkata gare shi, suka ƙaurace wa zagayen ƙarshe, suka nemi gwamnati ta soke. A NRC ma ana irin wannan rigima tsakanin Adamu Ciroma da Umaru Shinkafi. A Oktoba majalisar mulkin soja ta dakatar da sakamakon, ta rushe shugabannin jam'iyyun biyu. Ranar 17 ga Nuwamba Babangida ya haramta wa duka 'yan takara 23 sake tsayawa, ya ɗage miƙa mulki daga Janairu zuwa 27 ga Agusta 1993.

1993: Jos, 12 ga Yuni, da gwamnatin riƙo

An kawo sabon tsari mai suna Option A4, inda ɗan takara zai faro daga mazaɓarsa, ya ci ƙaramar hukuma, ya ci jiha, sannan ya je babban taro. Tunda an hana shi, sai ya tsayar da Atiku. Kingibe, wanda shi ya ɗora a shugabancin jam'iyya, ya riga ya ɓalle yana neman kujerar da kansa da goyon bayan gwamnonin SDP. A taron Jos na Maris 1993 Abiola ya zo na ɗaya da ƙaramar tazara, Kingibe na biyu, Atiku na uku. Atiku ya janye, wakilan Janar suka koma wa Abiola, ya ci zagaye na biyu. Gidan ya sami shugabancin jam'iyya ta hannun Anenih, yana kuma sa ran kujerar mataimaki. Gwamnoni suka matsa, Abiola ya ɗauki Kingibe.

An yi zaɓe ranar 12 ga Yuni, aka soke shi ranar 23. A nan Janar ya yanke shawarar da ta fi kowace jawo masa magana. Shugabannin SDP na ɓangarensa suka amince da gwamnatin riƙon ƙwarya maimakon tsayawa a kan sakamakon da ya nuna Abiola ne ya ci. Lissafin a bayyane yake: Babangida zai tafi, gwamnatin Ernest Shonekan za ta shirya sabon zaɓe cikin 'yan watanni, haramcin 'yan takara 23 zai faɗi, kuma babu mai shiri a ƙasa irin nasa. Babangida ya tafi a ƙarshen Agusta, amma ya bar Janar Sani Abacha a matsayin ministan tsaro. Ranar 17 ga Nuwamba Abacha ya karɓi mulki, ya rushe jam'iyyun biyu da majalisu da gwamnoni. A shekarar nan kuma gwamnatin Babangida ta rufe The Reporter.

1994 zuwa 1997: taron tsarin mulki da kurkuku

Tsohuwar PF ta sake haɗuwa da sunan People's Democratic Movement, PDM. A Fabrairu 1994 aka tsare shi na ɗan lokaci bayan ya nemi sojoji su sa ranar tafiya. Da Abacha ya kira taron tsarin mulki, 'yan NADECO, masu fafutukar a tabbatar da zaɓen 12 ga Yuni, suka ƙaurace, shi kuwa ya shiga. Taron na da wakilai 369, an zaɓi 273, gwamnati ta naɗa 96, Mai Shari'a Adolphus Karibi-Whyte na shugabanta, aka buɗe a ƙarshen Yuni 1994. Mutanensa sun ci kujeru da yawa domin zaɓen na wakilai ne, irin wanda suka ƙware a kai, shi ma ya ci daga Katsina.

A Disamba 1994 suka sa taron ya zartar da ƙudurin cewa sojoji su miƙa mulki ranar 1 ga Janairu 1996. A Maris 1995 aka kama shi bisa zargin shirya juyin mulki, kwanaki kaɗan bayan haka aka kama Obasanjo. A Afrilu taron ya janye ƙudurin. Kotun soja ƙarƙashin Birgediya Patrick Aziza, wadda ta zauna a asirce, ta yanke masa hukuncin kisa. Bayan matsin lamba daga ciki da waje aka mayar da shi ɗauri a Oktoba 1995. Gwamnati ta ƙwace NICOTES, kamfanin da daga baya aka sani da Intels, Atiku ya bar ƙasar na wani lokaci.

Ya rasu yana fursunan gidan yarin Abakaliki ranar 8 ga Disamba 1997, yana da shekara 54, aka yi masa sutura a Katsina. Makusantansa sun yi zargin cewa wata allura da aka yi masa a tsare ce ta jawo ciwon.

1998 zuwa 2007: gidan bayan mai shi

Abacha ya rasu ranar 8 ga Yuni 1998, wata shida cif bayansa. Janar Abdulsalami Abubakar ya buɗe fagen siyasa da gajeren wa'adi, kuma gajeren wa'adi yakan amfani wanda ya riga ya shirya. Da aka kafa PDP a Agusta 1998, ƙungiyar G34 ta Alex Ekwueme, wato manyan 'yan siyasar da suka ƙalubalanci tazarcen Abacha, ta kawo suna da mutunci, PDM ta kawo mutanen mazaɓa. A taron Jos na Fabrairu 1999 Obasanjo, wanda bai daɗe da fitowa daga kurkuku ba kuma ba shi da jama'a a yankinsa, ya sami ƙuri'u 1,658, Ekwueme 521. Atiku, da ya riga ya ci gwamnan Adamawa, ya zama mataimakin shugaban ƙasa. Anenih ya zama ministan ayyuka, Okadigbo ya shugabanci majalisar dattawa, Kwankwaso ya ci Kano, ƙanin Janar ya ci Katsina. Tinubu ya ci Legas a AD. Rikicin Obasanjo da Atiku ya raba gidan biyu kafin 2007, shekarar da ƙanin ya zama shugaban ƙasa, Atiku kuma ya yi takara da shi a AC.

Hukunci

Abin da ya yi aiki shi ne tsarin, kuma hujjar ita ce ya ci taron jam'iyya a 1990, ya shiga gaba a 1992, ya yanke wanda zai ci a Jos a 1993, ya mamaye taron 1994, ya sake yanke hukunci a Jos a 1999 bayan mai shi ya rasu. Dalilai uku ne. Daga soja ya ɗauko ɗabi'ar shirya kayan aiki da sanin wa ke kula da wane wuri, bai ɗauko ba da umarni ba, domin wakilin mazaɓa ba kurtu ba ne. Kasuwanci ya ba shi damar riƙe mutane a shekarun da babu zaɓe, lokacin da sauran ƙungiyoyi ke watsewa. Na uku bai zaɓa ba, dole aka yi masa: haramcin 1987 ya tilasta masa ɗaga wasu, su tsaya takara, su yi suna, shi ya sa gidan ya sami ginshiƙai da yawa maimakon ɗaya. Da an bar shi ya tsaya tun farko, da wuya a sami wannan.

Abin da bai yi aiki ba ya kasu biyu. Na farko laifin hanyar ce kanta. Tsarin da aka gina don cin wakilai yana kayar da abokin hamayya na cikin gida ba tare da ya lallashe shi ba. Haka aka rasa Legas da Kano da Adamawa a 1991, haka kuma 'yan jam'iyyarsa suka miƙa wa Babangida hujjar soke zaɓen 1992. Babangida yana da nasa dalilin na jan lokaci, amma ƙorafin kuɗi da son kai daga cikin SDP ya fito. Yawan kuɗin da aka saba kashewa a kan wakilai tun wancan lokaci kuma bai tsaya a kansa ba, ya zama al'adar zaɓen fid da gwani a ƙasar, kuma gidansa na da kaso a wannan gado.

Na biyu kuskuren lissafi ne game da sojoji, kuma abin ciwo ne ganin ya fito daga wanda ya fi kowa saninsu. Sau uku ya ɗauka cewa mai riƙe da mulki zai mutunta dokar da ya rubuta: a 1992, a gwamnatin riƙo, da a taron tsarin mulki. Mafi nauyi shi ne na 1993. Gaskiya ne Abiola ya saɓa masa a kan mataimaki, gaskiya ne kuma lissafin sabon zaɓe yana da ma'ana a takarda. Amma da ya yarda a jingine zaɓen da jam'iyyarsa ta ci, ya raba farar hula biyu a daidai lokacin da haɗin kansu ne kaɗai abin da zai iya hana Abacha, ya kuma rasa amincin da ya shekara biyar yana ginawa a Kudu maso Yamma. Da ya tashi yin fito-na-fito a Disamba 1994, ya yi shi da ƙarfin hali na gaske, yana sane da haɗarin, sai dai 'yan NADECO suna waje suna kallonsa a matsayin wanda ya sayar da 12 ga Yuni, an riga an rufe jaridarsa, kamfaninsa kuma sa hannu ɗaya ya isa a ƙwace shi. Wakilan da suka ɗaga hannu tare da shi a Disamba, da yawansu su ne suka ɗaga hannu aka janye ƙudurin a Afrilu, shi yana tsare.